Kuɗin Hutun Maikasuwa

Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka rikita ma'aikata, Maikasuwa ya yi ritaya daga wata masaƙa a Kano. Motar kamfani ce ta kawo shi Roni, kwanon rufi a baya, sabuwar rediyo a cinya, sai ƙamshin turare yake.

Mutumin nan fa tun da ya kama aiki bai taɓa karɓar hutun shekara ba. Wani akawu ne ya raɗa masa cewa in ya tara hutun, ranar sallama za a biya shi kuɗinsa a dunƙule, ba cire haraji. Shi ke nan, ya riƙe maganar ƙam. Gida kuwa saƙonsa ɗaya ne kullum: kamfani ba ya ba da hutu. Haka ya aiko da Sallah, haka ya aiko lokacin da Inna ta kwanta ciwon ajali.

Yayarsa Dela, wadda ta yi jinyar Inna ita kaɗai, ta fito zaure da ƙwaryar fura. Ita ce ta sha cacar baki da mutanen gari a kansa, tana cewa ƙaninta ba butulu ba ne, riƙe shi ake yi. Duk duniya ba wanda Maikasuwa ke jin nauyinsa kamarta.

Sama'ilu, direban da ya kawo shi, ya kurɓi fura, baki ya buɗe.

"Gwaggo, kun yi dace da ɗan'uwa! Kowace shekara manaja sai ya ce, Baba, je ka gida ka huta, ya ce a'a, a tara masa. Ga shi an biya shi tsaf, gwamnati ko kwabo ba ta taɓa ba."

Maikasuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta rufe shi, ya kama murɗa rediyon da ba a kunna ba.

Dela ba ta ɗaga murya ba. Ai da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ashe ana bayarwa," ta ce.

"Yaya, ki tsaya in..."

"Inna kullum idonta na ƙofa. Na ce mata kamfani ne ya hana ka. Har ta cika tana cewa, wanda ya hana min ganin ɗana, Allah ya isa." Ta ɗauki ƙwaryarta ta miƙe. "Ni kuma ina cewa amin."