Bangon Ambaliya

"Bango ba ya shiga mota, Auta," in ji Kawu. "Ki ɗauke shi hoto mu rataya a sabon wuri, shi ke nan."

"Ba a shafa hoto da hannu, Kawu."

Suna tsaye ne a ɗakin baya na gidan tarihin garin, inda take aiki tun rasuwar babanta. An riga an naɗe kaya da tsofaffin jaridu, har da ƙararrawar tashar jirgi da keken ɗinkin da ya fara shigowa garin. A farfajiya kuwa masu ba da gudummawa sun cika kujerun haya, ana ta gwada lasifika. Sabon titi zai bi ta kan ginin, ga katafila can a fake a bakin hanya, kullum da safe ita ce abin da Auta ke fara gani.

Bangon ne ya hana ta barci. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, mai kula da gidan yakan ɗauki ƙusa ya ja layi daidai inda ruwa ya tsaya, sannan ya karce sunayen waɗanda ruwan ya tafi da su. Kakanta ya fara, babanta ya ɗora. Layin da ya fi kowanne bisa ya wuce kanta, a ƙarƙashinsa kuma sunan mahaifiyarta yake, da rubutun babanta mai karkata.

Wani magini da suka kira yana durƙushe yana ƙwanƙwasa gindin bangon da ƙotar guduma.

"Zai ciru," ya ce, "in an ɗaure shi da ƙarfe aka yanka ta ƙasa. Amma sai an kira motar ɗaga kaya. Abin da kuka tara kusan duka zai tafi."

"Kin ji ko?" Kawu, wanda shi ne shugaban kwamitin tara kuɗin, ya goge gumi da hularsa. "Akwatunan gilashi muka yi wa mutane alkawari, kowanne da sunan wanda ya saya. Mai gidan man nan har ya zaɓi nasa, kusa da ƙofa. Ke za ki fita ki ce masa kuɗinsa ya ƙare a jigilar bulo?"

"Bulo mai tarihi dai," in ji magini.

"Kai da guduma aka kira ka, ba da baki ba."

Sai a lokacin Auta ta lura da yadda Kawu ya tsaya. Ya ba bangon baya. Ta tuna ashe kullum haka yake yi, in ya shigo ɗakin nan taga yake kallo. Zuciyarta ta yi nauyi, tausayi da haushi suka cakuɗe mata.

"Kawu, juyo ka karanta mini sunan nan na sama."

"Ban zo da tabarau ba."

Ga tabarau ɗin yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Ta dube shi, ya kau da kai.

"Ni na ciro ta daga ruwa, Auta," ya ce a hankali. "Ƙanwata ce. Ba sai bango ya tuna mini ba."

"Ni ban san fuskarta ba. Wannan kaɗai nake da shi."

Daga waje aka kira ta a lasifika, aka sake kira. Kawu bai ce ta je ba, bai kuma tare mata ƙofa ba.

Ta fito farfajiyar. Mai gidan mai yana sahun gaba yana duba agogo. Can baya ta hango tsohuwar nan mai sayar da sabulu, wadda takan shigo ba tare da ta kalli komai ba, ta ɗora tafin hannu a kan suna ɗaya a bangon ta fita. Jiya ma ta kawo nata kuɗin, a ƙulle a bakin mayafi.

Auta ta karɓi abin maganar. Ta gaishe su.

"Bango za mu fara ɗauka," ta ce. "Sauran kaya su zauna a ƙasa har Allah ya hore. Wanda gilashi ya kawo shi, ya taso yanzu in mayar masa da kuɗinsa."