Gahawar da Doña Herminia Ta Ƙi Dafawa

Da Doña Herminia ta faɗi ta karye a ƙugu, ɗan ƙaninta Wilfrido ya kai ta gidan tsofaffi na sistocin coci, wai har ta warke. Ta warke sarai, amma ba wanda ya zo ɗaukarta. Shi kuwa gogan ya kwashi iyalinsa ya tare a gidanta. Ni maƙwabciyarta ce, a kan idona aka yi, kuma har yau ban huce ba.

A garinmu, wanda ke zaune a gidan tsofaffi ba ya samun tallafin gwamnati, tunda can ake ciyar da shi. Sai Wilfrido ya ce wa hukuma tsohuwar tana gida, shi ke jinyarta. Kuɗin na shiga aljihunsa, ko kunya babu.

Da ya ji jami'a za ta zo dubawa, ya garzaya ya ɗauko ta, ya kira ni in yi shaida.

"Goggo, ki ce nan kike kwana," in ji shi. "In abin ya wuce lafiya, zan gyara miki ɗakin baya ki dawo."

"Ɗakin da nake ajiye kaji?"

"Ai an share shi, Goggo."

 Na san ba abin da take so a duniya kamar ta mutu a gidan nan.

Jami'ar ta iso. A wurinmu, baƙo ba ya gama zama uwar gida ba ta miƙa masa gahawa ba. Herminia ta naɗe hannu ta zauna. Wilfrido ya juya wurinta.

"Goggo, gahawar baƙuwa fa?"

"Ni ma ita nake jira, ɗan nan. Baƙuwa ba ta shiga kicin ɗin mutane."

Jami'ar ta dube ta. "Doña, ina kike kwana?"

"Wurin sistoci. Gado na kusa da taga."

"Kin san za a yanke tallafinki, a rubuta ki mazauniyar can?"

"Na sani, 'yata. Wanda ya ci na baya fa?"

"Sai ya amayar da shi."

"To a yanke."

Ta miƙe ta riƙe hannuna muka fito, ko waiwaye ba ta yi ba. Sai da muka sha kwana, gidan ya ɓace mana, sannan ta fashe da kuka.