Jan Ganye a Gonar Bempong

…kuma ja ne. Ko ta ina ya juya ganyen, jijiyoyin nan ja ne. Kwaku Bempong yana murza shi da yatsa, yana ɗaga shi ga hasken hantsi. Har yanzu ja. Reshen kuwa ya kumbura kamar gwiwar tsoho. Ciwon bishiyar koko ne, ba shi da wani suna. A gonarsa… a gonar ɗan majalisa.

Kaf… kaf… Gatari a hayin iyaka. Ma'aikatan gwamnati ne a gonar Iya Oforiwa, maƙwabciyarsa, tun da safe suke sara. Wata bishiyar ta faɗi. Ta nawa ke nan? Kada ka ƙirga, Kwaku. Ina ruwanka da ƙirga?

Ya tuna zauren majalisa a Akra, fanka tana juyawa a sama, Gwamna yana share gilashin idonsa. Duk bishiyar da ta kamu a sare ta, har da na kewaye da ita. Masu goyon baya? Hannunsa ne ya fara tashi cikin baƙaƙen fata, mayafin kente yana zamewa daga kafaɗa. Har jawabi ya yi da Turanci, wai ciwon nan ba shi da magani sai gatari. Aka tafa masa. To ƙarya ya yi? Gaskiya ce! Masana sun faɗa, shi ma ya gani da idonsa a garuruwan gabas, gonaki tsaye ƙayau kamar an yi gobara. Gaskiya ce… amma ranar da ya ɗaga hannun nan, ai ya riga ya ga jan ganye a nan. Guda ɗaya. Ya tsinke, ya tura cikin aljihu, ya ce rana ce ta ƙone shi.

Kawu… Kawu Asiedu, kana gani? Kai ka ɗauko irin nan a ka, tafiyar kwana uku, ka sare dajin nan da adda guda. A gindin waccan bishiyar nake zuba maka giya a ƙasa kowace shekara tun rasuwarka, in kira sunanka. “Riƙo kake, Kwaku, ba taka ba ce. Daga hannun kawu ta zo maka, ɗan 'yar'uwarka za ka miƙa wa.” Miƙa masa me? Kututture? Ƙanwarsa Dansowa za ta zo ta tsaya a ƙofar gida, hannu a ƙugu — Yaya, ina gonar ɗana? Da wane baki zai amsa mata? Da Turanci?

Kaf…

Jiya a kasuwa, Iya Oforiwa, gaban masu doya da masu kifi. “Sannu da zuwa, Baturen Akra! Ashe kokonka ma ya yi makaranta, shi ya sa ciwo ke jin tsoronsa?” Mata suka fashe da dariya. Shi ma ya yi… me ya sa ya yi dariya? Ita ce ta goya shi sanda uwarsa take kwance. Mijinta ya mutu, gonar nan ce kaɗai gare ta.

Idan aka sare tasa, shekara biyar kafin sabon dashe ya haihu. Idan ya kama. Idan ba a sare ba fa? Lamptey, malamin gona, ya faɗa da bakinsa, har da cire hula: “Ranka ya daɗe, taka ba sai mun shiga ba. Wa zai duba gonar wanda ya tsaya wa doka?” Shi ke nan. Shiru kawai ake nema gare shi. Shiru, ya koma gida, a daka sakwara, a zubo miyar kwakwa, jibi mota ta kai shi Akra ya zauna kusa da Gwamna. Wa zai sani? Bana ba wanda zai sani. Baɗi…

Tururuwa a hannunsa. Ya kakkaɓe. Ga su nan a jere a jikin reshen, suna ɗauke da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga — su ne masu kai ciwon, shi da kansa ya yi wa majalisa bayani. Idonsa yana bin layin. Daga reshe zuwa reshe… zuwa wanda ya tsallake iyaka ya sarƙe da na Iya Oforiwa.

Daga nan suke tafiya can. Ba daga can suke zuwa ba.

Tun yaushe? Shekara biyu? Tun ganyen cikin aljihu?

Ga ta can zaune a kan kututture, ɗankwali a cinya, ba ta ko kuka. Ma'aikata suna ɗaura gatura a kafaɗa. Sun gama, za su bi ta bakin hanya su wuce. Hannun Kwaku yana tashi don ya kira su — wannan hannun dai, na zauren Akra — ya kai kafaɗa, ya tsaya. Nauyi… yaushe hannu ya yi nauyi haka?

Lamptey, da ke gaban ma'aikatan, ya hango shi, ya dakata.

“Ranka ya daɗe, da magana ne?”

Iya Oforiwa ta ɗago kai. Ganyen yana cikin tafinsa, jiƙe da gumi. Kawu, ka yafe mini… Ya ɗaga ganyen yadda Lamptey zai gani.