Hoton da Ke Rawa

A jikin allon, tsohon yana ƙoƙarin kai cokali bakinsa. Cokalin ya taso lafiya, ya zo rabin hanya ya fara kaɗawa, kafin ya isa leɓe babu abin da ya rage a cikinsa. Tsohon ya dubi kyamara ya yi murmushi irin na mai ba da haƙuri.

"Tsayar mana da shi a nan," in ji Farfesa.

Su uku ne a ɗakin tace fim na jami'ar, ɗaki marar taga, mai warin tsohuwar darduma da ɗumin na'urori. Farfesa malamin harshe ne, aikinsa a binciken shi ne tattara kalmomin da marasa lafiya ke kiran ciwonsu da su. Likita ce shugabar aikin, ƙwararriya a ciwon jijiya. Ita ke duba tsofaffin ma'aikatan wata masana'antar ƙwan fitila da aka daɗe da rufewa, mutanen da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba da ake sawa a ƙwan, ta shiga jikinsu ta bar musu karkarwa. Na ukun shi ne mai shirya fim ɗin, wanda kowa ke kira Darakta. An ɗauko shi ne saboda ɗan unguwar ma'aikatan ne, mahaifinsa ma a masana'antar ya ƙarar da ƙarfinsa. Ƙofar da ake rufe wa mai farar riga, shi buɗe masa ake yi, har a ce ya shigo ciki ya gaida iyayensa.

"Kin ga abin da mutumin nan ya yi?" Farfesa ya nuna allon da gilashinsa. "Ba tsohon kaɗai ke rawa ba, hoton kansa rawa yake. Ya sa mai kallo ya ji ciwon a idonsa. Ku da alluranku, Likita, ba za ku taɓa iya faɗin abin nan haka ba."

"Ai an raba aiki," ta ce. "Mu mu yi fama da ciwo, ku ku raɗa masa suna."

Darakta ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, kada ka kumbura mini kai. Ƙofar ɗakin nan ƙarama ce."

Likita ta taya su dariyar, amma idonta bai bar allon ba. Ta roƙi a nuna mata hirarrakin farko, na bara, wai don ta tuna fuskokin. Aka sako su. Hoton tsaye yake cak, kamar an kafe shi da ƙusa. Aka dawo na kwanan nan. Ta lura da wani abu: duk lokacin da kyamarar ta matso don ta kamo ƙaramin abu, maɓallin riga ko bakin kofi, a nan rawar ke ƙaruwa. Ta san wannan motsin. Ta gan shi a hannuwa masu yawa, kuma ba ta taɓa ganin mai lafiyar da ya iya kwaikwayonsa daidai ba.

Farfesa ya dubi agogo ya miƙe, ya ce ɗalibai na jiransa, in ya makara za su yi murna, shi kuwa ba ya son faranta musu rai. Ƙofar ta rufu a bayansa. Ɗakin ya koma shiru, sai gurnanin fanka a cikin na'ura.

Sai yanzu ta dubi Darakta da idon aikinta. Da hagu yake sarrafa na'urar. Hannun dama yana matse a ƙarƙashin cinyarsa. Kofin shayinsa kuwa, tun da aka kawo ya ce a zuba masa rabi kawai.

"Da gangan ka yi?" ta tambaye shi.

"Me fa?"

"Rawar."

Ya ci gaba da kallon allon. "Farfesa ya ce fasaha ce. Wane ni in ƙaryata Farfesa?"

"Tun yaushe ta fara?"

"Gajiya ce, Likita. Kyamara na da nauyi." Ya juyo, muryarsa ta ɗan yi kauri. "Na san abin da kike tunani. Ni ban taɓa taka ƙofar masana'antar nan ba. Ina firamare aka rufe ta. Ke da bakinki kika ce ciwon na waɗanda suka shaƙi tururinta ne a wurin aiki."

Gaskiya ne, ta faɗa. A kan haka aka gina binciken gaba ɗaya.

"Mahaifinka yakan dawo gida da kayan aikinsa?"

"Inna ce ke wanke su." Sai fuskarsa ta saki, kamar wanda ya tuna wani daɗi. "Har ita zaibar yakan kawo mana a 'yar kwalba. Duk iyayen unguwar suna kawowa, ita ce tsarabarmu. Sai mu zuba ta a simintin ɗaki ta tarwatse, ta zama 'yan ƙwallaye masu sheƙi kamar azurfa, mu bi su da tsinke muna haɗawa. Yayata ta fi kowa iyawa. In ta gangara ta shige tsagar siminti, shi ke nan, sai mu jira Baba ya kawo wata."

Likita ta san halinta. Zaiba ba ta ruɓewa. In ta samu tsaga sai ta kwanta, shekara da shekaru, tana sakin tururin da ba shi da launi ba shi da wari. Ta tuna layin gidajen unguwar, iri ɗaya, manne da juna, da yaran da ke leƙowa ta ƙofofi duk lokacin da motar jami'a ta tsaya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta auna.

"Gidan yana nan?"

"Ina zai je? A ciki nake. Bayan rasuwar Inna na dawo da iyalina. Na ma gyara shi, na cire tsofaffin tagogin nan masu shan iska, na sa na gilashi masu rufuwa ruf, saboda sauro."

"Ɗakin da kuke wasan fa?"

"Shi ya fi girma. A rabinsa na sa teburin aikina, ɗaya rabin kuma yara ke..."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka da hagu. Ɗakin ƙarami ne, Likita ba ta yi niyyar saurare ba, amma muryar matarsa ta fito tar.

"Maigida, malamar babbar 'yarka ta sake kira. Wai rubutunta ya lalace gaba ɗaya, ko layi ba ta iya bi. Yarinyar da ake nuna littafinta a aji! Na ce mata wasa ne ya yi mata yawa. In ka dawo kai ka yi mata magana, ni na gaji."

Darakta ya ɗago ya dubi Likita, ita ma ta dube shi.

"Kada ki yi mata faɗa," ya ce a hankali. "Ina zuwa."

Ya ajiye wayar. Ta zame daga yatsunsa ta bugi tebur.

Likita ta miƙe ta ɗauki makullin motarta. Ta yi ƙoƙari muryarta ta fito kamar ta kullum.

"Sake kiran matarka. Ka ce ta fito da yaran waje, ta buɗe tagogin duka. Kuma kada kowa ya sa tsintsiya a ɗakin nan, shara tayar da zaibar take yi."



"Kullum ake share shi, Likita," ya ce. "Ita babbar ce ma ke sharewa. Aikinta ke nan kafin ta tafi makaranta."