Shafi na Goma Sha Ɗaya

Takardar sa hannu ta zagayo tebur ta iso gaban Baban Ruwa tun kafin a buɗe rahoton. Haka kwamitin yake aiki: a sa hannu, a sha shayi, sannan a tattauna abin da aka riga aka amince da shi. Shekara biyu ke nan yana zama a kwamitin nan mai ba gwamnati shawara kan sana'o'in wasanni da shaƙatawa, kuma kullum in biro ya zo sai ya rattaba hannu ya miƙa gaba. Yau sai ya ajiye biron, ya kife tafin hannunsa a kan takardar.

"Baba, kai ake jira," in ji shugaban kwamiti, yana duba agogo.

"Ranka ya daɗe, a buɗe mini shafi na goma sha ɗaya."

Cikin mutum tara, shi kaɗai ya taɓa yin aikin da jikinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan doguwar kujerar bakin wurin ninkaya, yana tsamo waɗanda ruwa ya so ya ci. Sauran daraktoci ne, sai farfesa ɗaya, sai wani mai otal wanda ko a baho ba ya son ruwa ya wuce masa gwiwa. An sa Baban Ruwa a cikinsu ne don a ce akwai ɗan sana'a.

Karatunsa ba sauri, shi ya sa jiya 'yarsa ta karanta masa rahoton kaf. A shafin nan aka ce daga yanzu mai ceto zai sami lasisi da jarrabawar takarda kawai, an soke gwajin cikin ruwa. Da safen nan matarsa tana goge masa riga ta ce, "Yau fa ake sabunta kujerun kwamiti. Don Allah ka kama bakinka." Yana son kujerar, babu ƙarya. Ita ce ta sa masu gadi suka fara sara masa bayan shekarun da ba wanda ya san da shi.

Farfesa ya gyara tabarau. "Baba, bincike ya nuna gwajin yana jawo jinkiri. Wuraren shaƙatawa suna neman ma'aikata."

"Otal uku gare ni, duk ba mai ceto," mai otal ya ce. "Sa koya a bakin aiki."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe. Wanda yake nutsewa ba ihu yake ba, riƙe ka yake yi ya danna ka ƙasa. Wace tambaya ce a takarda za ta koya wa mutum ya ƙwace wuyansa?"

Wani darakta ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Yau Baba da lacca ya zo mana."

Shugaba ya daina murmushi. "Mu takwas mun sa hannu. Minista ba ya son rahoto mai ɓaraka, kuma sunayen da za a sabunta ni zan miƙa. Ka fahimce ni?"

"Sarai."

"To?"

"Ba zan sa ba."

Bai ɗaga hannunsa daga kan takardar ba. Can ƙarshen tebur sakatariyar kwamiti, wadda shekara biyu ba a ji muryarta ba sai in za ta kira sunaye, ta yi gyaran murya. "Yallaɓai, ƙa'ida ta ce duk wanda ya ƙi sa hannu zai rubuta dalilinsa, a haɗa da rahoton."

Shugaba ya harare ta, ya tura wa Baban Ruwa farar takarda. "Layi biyu. Muna da wurin zuwa."

Baban Ruwa ya sunkuya. Rubutunsa manya-manya ne, a karkace, kuma bai yi gaggawa ba. Shayi ya huce, mai otal ya fita ya amsa waya ya dawo, shi yana nan yana rubutu. Da ya gama sai ya miƙe ya karanta da kansa.

"Na tsamo mutum ɗari biyu da shida da rai. Uku na tsamo babu rai: mai shekara tara, mai shekara sha huɗu, da wani uba da ya shiga ceton ɗansa. Ni na iya ruwa, duk da haka na makara sau uku. Wanda bai iya ba sau nawa zai makara? Ku rubuta mini adadin, sai in sa hannu."

 Shugaba ya tattara takardunsa ya ce kwamiti yana godiya da gudummawar Baba, kuma in zai fita ya bar katin shaidarsa a wurin sakatariya.

Ya cire katin daga wuyansa ya ajiye mata.  Ita ba ta ɗago ba. Ta daidaita shafukan rahoton, ta ɗauki takardarsa wadda wurinta can ƙarshe ne, ta ɗora ta a saman shafin farko, ta maƙale su tare.