Gyare Mai Wutsiya Uku

Shekara goma sha tara Dattijo Kwang yana zama a kujerar bakin taga a shagon shayin Gwaggo Miyao, a birnin Lin'an. Kujerar zakaran faɗan gyare ce, ba kuma wanda ya taɓa ɗaga shi. Sai ga Fang, mai sayar da man riɗi, ya shigo da 'yar tukunya, rigarsa duk maiƙo.

"Yaya Kwang, kujerar nan nake so," in ji shi.

Kwang ya dube shi sama da ƙasa ya taɓe baki. Mutumin da ke kurɓar shayi kamar saniya a bakin rijiya!

"Ɗan mai, mu ga abin da ka kwaso."

Fang ya buɗe tukunyar, ga gyare a ciki. "Janar Mashi Uku ke nan. Naka wutsiya biyu ce da shi, nawa uku!"

Kwang ya kusa ƙwarewa. Ko jinjiri ya san mai wutsiya uku mace ce, mace kuwa ba ta faɗa. Ya ga Gwaggo za ta yi magana, ya harare ta. A bar sakaran ya sha kunya a gaban jama'a.

"Doka ɗaya ce," in ji Gwaggo. "Gyaren da ya fara juya baya ya faɗi. Kun yarda?"

"Na yarda sau goma," in ji Kwang.

Aka zuba gyare biyun cikin kasko. Kwang ya tsokani Baƙin Ƙarfe, gwarzonsa, da tsinken ciyawa. Baƙin Ƙarfe ya zabura, ya shinshini baƙuwar, ya tsaya cak. Sai ya kama wani kuka siriri mai taushi, ya karkaɗa jiki, ya juya mata baya, yadda namijin gyare ke yi in yana neman mace.

"Ya juya!" Shagon ya ɓarke da dariya. Wani ya yi ihu, "Dattijo, angonci ka kawo shi?"

"Mace ce!" Kwang ya daki tebur. "Ba faɗa ba ne wannan!"

"Ka ganta kafin ka yarda," in ji Gwaggo. "Tashi."

Fang ya baje a kujerar, ya goge hannunsa a labulen taga.

"Ashe mace ce?" Ya kashe wa Kwang ido. "Yaya, ni fa mai kawai na sani."