Lemon Mai Walda

"Ajiye min a kan tebur, Maman 'Yan Biyu. In kin fita zan yi."

"Ba inda za ni. Yau a gabana za ka yi ta."

Mai Walda ya kalli allurar insulin ɗin da ke hannuna kamar na miƙo masa kunama. Mutumin da ya shekara talatin yana haɗa ƙarfe da wuta, hannuwansa duk tabon ƙuna, wai shi ne yake gumi saboda ɗan tsinken da bai kai farce tsawo ba. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune, 'yarsa Auta tana aure a nesa. Da likita ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe masa ciwon suga, ni na raka shi asibiti. A gabana nas ta ba shi lemon zaƙi ta ce ya koyi tsirawa a jikinsa kafin ya yi wa kansa a ciki, kuma kullum ya canza wuri. Ni ce mai firji, don haka ajiyar maganin ta faɗo kaina. Kowace safiya in kai masa, in koma in karɓo, in ga ruwan ya ragu, in kira Auta in ce, "Baba ya yi." Amma mutum sai ramewa yake, jarkar ruwa ba ta kai masa azahar, gyambon yatsarsa ya ƙi warkewa.

"Yayana ma da ita aka fara masa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Wata uku muka binne shi."

"Yayanka sai da ƙodarsa ta lalace aka kai shi asibiti. Sau nawa zan gaya maka ba allurar ce ta kashe shi ba?"

"Na ji. To, ki ɗan fita mana. Rigata zan ɗaga a gaban matar mutane?"

Nan ya kama ni. Na fita ina tsaki, na tsaya a bayan labule. Na ji ƙas-ƙas-ƙas ɗin murɗa allurar, sai shiru. Can ya miƙo min ita ta gefen labule.

"Kin ga? Ko zafi babu."

"Da ma me na ce maka? Tsoron banza kawai."

Kwana tara bayan haka na yi ta buga ƙofarsa da safe, shiru. Makanikin da ke kusa da shagonsa ne ya ɓalle ta. Muka tarar da shi a ƙasa, yana jan numfashi da ƙyar, bai san wanda ke kansa ba. A asibiti likita ya tambaye ni rabonsa da allura.

"Jiya," na ce.

Ya dubi takardar gwajin, ya dube ni kamar bai yarda ba. Har na ji haushinsa. Kwana biyu Mai Walda ya yi bai farfaɗo ba. Auta tana cikin mota a hanya ya cika.

Da masu gaisuwa suka ragu, muka shiga kwashe kayan ɗakinsa ni da ita. Ta durƙusa ta jawo baƙar hular da yake rufe fuska da ita wajen walda daga ƙarƙashin gado. Cike take da lemo, wasu sun bushe sun ƙanƙance, wasu da sauran ɗanyensu.

"Inna, Baba da aka hana shi zaƙi, me yake yi da wannan?"

Na ɗauki ɗaya na kai bakin taga. Jikinsa duk ƙananan huji ne. Wata biyu ina kai wa lemo magani, ina kiran yarinyar nan ina ce mata Baba ya yi. Na ji haushinsa kamar in tashe shi in yi masa faɗa, na kaina kuma ya fi. Ya gaya min tsoro yake ji, ni kuwa tsaki na yi masa. Ko sau ɗaya ban ce ya kawo hannunsa in riƙe ba.

Auta ta karɓi lemon tana juya shi a hankali. Hujin a jere suke, layi-layi, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa faɗin yatsa guda, daidai yadda nas ta koya masa.